Wasiƙar Makaranta: Hidimar Al'umma da Darasin Kwamfuta Sun Zama Aiki Guda

Assalamu alaikum, iyayenmu da masu riƙon yaranmu.

Da fatan kuna lafiya tare da iyali. Daga wannan zangon karatu, aikin sa kai da ɗalibai ke yi wa al'umma da aikin da ake ba su a darasin kwamfuta sun haɗe, kuma maki ɗaya za a ba su.

A da kowanne da ranarsa. Yaro ya fita hidima ya dawo ya rubuta rahoto, a ɗakin kwamfuta kuma ya sha wahalar haɗa manhajar da ba wanda zai sake buɗewa bayan an duba ta. Wannan asarar ce ta dami malamai har suka zauna.

Ba mu muka fara ba. A 1995 Jami'ar Purdue da ke Amurka ta kafa shirin EPICS, inda ɗaliban injiniyanci ke aiki kafaɗa da kafaɗa da ƙungiyoyin al'umma, daga baya shirin ya kai makarantun sakandare. Abin da muka ɗauko a wurinsu shi ne a fara sauraron buƙatar mutane kafin a taɓa na'ura.

Ɗalibai za su yi aikin ne rukuni-rukuni. Rukunin farko taswira zai yi. Za su sa wuraren samun ruwa, dakunan shan magani da hanyoyin da keken guragu zai iya bi a kan OpenStreetMap, taswirar da kowa ke iya gyarawa kyauta tun 2004. Kada a raina wannan aikin: bayan girgizar ƙasar Haiti a 2010, 'yan sa kai ne suka cike taswirar birnin Port-au-Prince cikin 'yan kwanaki, masu aikin ceto suka yi amfani da ita. A nan ne haɗin kan malamai yake fitowa fili. Malamar harshe ce ke gyara tambayoyin da yara za su yi wa jama'a, don tambayar da ta karkace ba ta kawo amsa madaidaiciya. Malamin kwamfuta ya zuba su a manhajar KoboToolbox, wadda ke karɓar bayanai ko babu intanet, ta tura su idan an samu. Malamin labarin ƙasa ya tabbatar kowane ɗigo ya faɗa inda ya dace, na lissafi kuma ya koya musu karanta abin da alƙaluman ke faɗa.

Rukuni na biyu zai zauna da dattawa a kan wayoyinsu: yadda ake ƙara girman rubutu, da yadda ake gane saƙon 'yan damfara mai neman lambar sirri. Sharaɗinmu a nan shi ne ɗalibi ba ya karɓar wayar. Hannunsa a cinyarsa, ya yi bayani, ya jira yatsan dattijo ya lalubo wurin da kansa, ko sau nawa za a maimaita. Haƙurin da yaro zai koya a wannan zaman ya fi mana komai daraja.

Aikin ya ƙara wa malamai nauyi, domin suna zama duk mako su daidaita darussansu, muna kuma yi musu godiya. Wajen ba da maki, za a duba ko abin ya yi amfani, da ko an miƙa shi ga wanda zai ci gaba da kula da shi bayan yara sun tafi hutu.

Ba a buƙatar ku saya wa yaro waya ko kwamfuta. Ba kuma wanda zai fita sai cikin rukuni tare da malami, kuma ba za a ɗauki hoto ko sunan kowa ba sai da yardarsa. Muna roƙon ku sa hannu a takardar izini ku dawo da ita. Wanda ya san wata buƙata da yaranmu za su iya taimakawa a kai, ya sanar da malamin aji.

Allah Ya yi wa yaranmu albarka.

Hukumar Makaranta