Daren da jirgi ya wuce tasha bai tsaya ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan uwana masu bin ruwa. Sana'ar canji nake yi a tsibirin Legas, gidana yana Ikorodu, kuma shekara tara ke nan ina shiga jirgin ruwa zuwa Ebute Ero don gudun cunkoso.

A watan Janairun bara na je ƙasar Norwe duba ɗana da ke karatu a Tromso. Can rana ba ta fitowa tun ƙarshen Nuwamba har tsakiyar Janairu. Da hantsi sai ka ga wani ɗan haske shuɗi-shuɗi irin na bayan asuba, kafin la'asar duhu ya rufe. Salla ma lokacin Makka masallacin garin ke bi a wannan tsakanin. Yaron ya ce, "Baba, ba za ka koma ba sai ka hau jirgin bakin teku." Hurtigruten ake ce masa, an fara shi tun 1893, yanzu yana tashi daga Bergen har Kirkenes kusa da iyakar Rasha, tasha 34. Mu daga Tromso muka shiga, kwana biyu a ruwa.

Na zaci na 'yan yawon buɗe ido ne kawai. Ashe shi ne motar haya ta mutanen ƙauyukan nan. A ƙananan tashoshi kamar minti goma sha biyar yake yi, a sauke kwalaye, a shigar da mota, wata tsohuwa ta hau da sandarta, a tashi. Ƙanƙara ta lulluɓe duwatsu har bakin ruwa, amma tekun bai daskare ba, saboda igiyar ruwan ɗumi da ke tasowa tun daga mashigin Meziko. Sanyi kuwa, na Jos wasan yara ne. Na fita waje sau ɗaya, gemuna ya yi tauri, na koma. Yaron ya nuna mini dogayen katakan da ake shanya kifi a kai, wanda Yarabawa ke kira panla. Kifin da nake gani a kasuwar Oyingbo ta Legas, ashe ga mahaifarsa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne a dare na biyu. Iska ta taso, jirgi mai hawa-hawa yana tangaɗi, ni da nake taƙamar na saba da ruwa sai da na amayar da abincin dare. Aka yi sanarwa cewa kyaftin ba zai shiga tashar da ke gaba ba, igiya ta yi yawa. Wani mutum kusa da mu, garinsu ke nan, har ya rataya jaka. Ya sauke ta, ya buga waya gida, ya koma ya zauna. Ko tsaki bai yi ba.

Kunya ta kama ni, don na tuna wata magariba a Legas da direban jirginmu ya ce duhu ya yi, ba zai tashi ba. Ina cikin waɗanda suka yi masa ca, har na ce masa matsoraci, sai da ya tashi. Rigar kariyar ma a kafaɗa na yafa ta kamar rawani. Kullum muna zagin masu jirgi kan lodi da gangancin dare, kuma sun cancanta, amma sau nawa mu fasinja muke tura su? Bayan kifewar jirgin ruwa a Warrah ta jihar Kebbi a 2021, da 'yan bikin Patigi ta jihar Kwara a 2023 da suka taso cikin dare aka rasa sama da mutum 100, bai kamata a ce sai na je ƙarshen duniya na fahimci wannan ba.

Da daminar nan hadari ya haɗo muna tasha, direba ya kashe inji. Mutane suka fara hayaniya. Na karɓi kuɗina na tafi neman danfo, motar hayar Legas, ban shiga gida ba sai ƙarfe goma sha ɗaya.

Alhaji Sabo Mai Canji,
Ikorodu, Legas