Ba Al'ada Ce Ta Hana Mu Ba, Kuɗin Ƙofa Ne

Malam Edita, assalamu alaikum.

Raina ya ɓaci da shirinku na daren Asabar. Baƙon naku ya ce wai talakan Sakkwato ba shi da al'adar fita shan iska da iyali, shi ya sa wuraren shaƙatawa ba sa cika sai da Sallah. Mai gabatarwa ya ce "haka ne, ranka ya daɗe," ya wuce. Bai ko tambaye shi nawa ake biya a ƙofa ba.

To ni bari in gaya masa. Tela ne ni a Mabera. Da ƙaramar Sallah, bayan na tattara ɗan abin da ɗinki ya bari, na kwashi yara da uwarsu a agwagwa da buje, wato Keke Napep, muka tafi ɗaya daga cikin wuraren nan. Kowane kai da kuɗinsa a ƙofa. Ka shiga kuma, lilo da kuɗinsa, motar wasa da kuɗinta. Maigadi ya hana mu shiga da kular dambu da zoɓon da aka yi a gida, wai sai dai mu saya a ciki. Abin da na kashe a yinin ya sayi tiyoyin geron da za su riƙe gidana kwanaki. Duk da haka autata ba ta hau komai ba, tana riƙe da ƙarfen shinge tana kallon 'ya'yan wasu har muka fito. Wannan shi ne rashin al'ada?

Mu da muka tashi a garin nan mun san fili. Kusan kowace unguwa tana da nata, da darbejiya a gefe, dattawa su shimfiɗa tabarma bayan la'asar, mu kuma mu yi langa da ƙwallo har a kira magariba. Ba wanda ya taɓa karɓar sisinmu. Filin da na yi wasa a cikinsa yau shaguna ne, an yanka shi, an sare itatuwan. Yarana a kan titi suke buga ƙwallo, tsakanin 'yan kabu-kabu da kwata, da duwatsu a matsayin raga. Duk ƙarar birki da na ji daga shago sai gabana ya faɗi.

Kuma ana maganar nan ne a Sakkwato, inda daga Maris zuwa Mayu zafi ke wuce digiri 40. Ɗaki ɗaya, rufin kwano, ba wuta, mutum bakwai ko takwas a ciki. Ba mu manta da sanƙarau na 2017 ba, yadda ya yi ɓarna a nan da Zamfara da Katsina. Ma'aikatan lafiya su ce a guji cunkoso, a nemi iska. A neme ta ina? Ku zaga GRA ku ga itatuwa jere, sannan ku shigo lungunan Mabera ko Gidan Igwai da tsakar rana. Wanda ke da na'urar sanyaya ɗaki shi ne kuma ke da inuwa a ƙofar gida.

Baƙon ya ambaci filin Shehu Kangiwa da filin wasa na Giginya. Waɗannan na taro ne da gasa, ba inda mace za ta zauna da goyo ba. Sakkwato tana cikin jihohi 11 da ke cikin shirin nan na katangar itatuwa don tare hamada, madalla. Amma cikin gari fa? Abin da muke roƙo bai kai wannan ba: ɗan fili a kowace mazaɓa, a katange shi, a dasa darbejiya, a sa famfo da benci, a rubuta a takarda cewa ba na sayarwa ba ne, kuma shiga kyauta. Ruwan ban itatuwan mu za mu ɗauki nauyinsa.

Ku sake shirin, ku gayyato mai unguwa da uwar yara da ɗan kabu-kabu, baƙon naku ya maimaita maganarsa a gabansu.

Sannan don Allah, tallan masu maganin gargajiya da kuke sakawa bayan isha'i ya wuce gona da iri. Kalaman da suke furtawa ba a jin su a gaban 'ya'ya, sai mutum ya yi wuf ya kashe rediyo. Ku tace shi ko ku mayar da shi tsakar dare.

Naku mai sauraro,
Wani tela daga Mabera, Sakkwato.