Godiya ga shagon kwamfuta da ya gyara mana manhajar sa ido kan sanarwar kwangila

Assalamu alaikum.

Mu ƙananan ƴan kwangila ne a nan Tahoua. Wannan takarda ta godiya ce ga maigida da samarin shagon gyaran kwamfuta da ke daura da babbar kasuwa, kuma mun zaɓi mu yi ta a fili don masu irin manhajarmu su ƙaru.

Ƴar manhaja ce da aka rubuta da harshen kwamfuta na Python. Kowane minti 30 cron, wato agogon kwamfuta mai tada aiki a kan lokaci, yana tashinta, ta buɗe shafin da ake liƙa sanarwar kwangiloli, ta nemi kalmar Faransanci ta sanarwar kwangila, wato appel d'offres tare da sunan Tahoua, in ta gani ta turo mana saƙo ta Telegram. Sai ta yi tsit, alhali sanarwa na ta fita.

Malam, maigidan shagon, bai fara da taɓa ko layi ɗaya na manhajar ba. Sa ta ya yi ta ajiye amsar da shafin ke maido mata cikin fayil, ya buɗe ya karanta da idonsa. Ashe lambar 403 take samu, wato an rufe mata ƙofa, domin da sunan python-requests take gabatar da kanta, wato sunan requests, kayan aikin Python da take buɗe shafi da shi, shafuka da dama kuwa suna korar wannan suna. Ita kuma takardar korar take bincikawa, ba ta ga kalmar ba, sai ta ɗauka babu sanarwa. Yanzu sai ta tabbatar amsar 200 ce, wato lambar da ke nuna shafi ya buɗe lafiya, kafin ta nemi komai, in wata lamba ce daban ta sanar da mu. Ya duba robots.txt, fayil ɗin da shafi ke rubuta ƙa'idojinsa ga irin waɗannan manhajoji, ya ba ta User-Agent, wato sunan gabatar da kai, mai faɗin ko su wane ne mu, ya mayar da zagayen sau ɗaya a awa don kada a takura wa shafin mutane. Wannan ladabi ya burge mu ƙwarai.

Matsala ta biyu ta fi ɓuya. Idan shafi bai bayyana tsarin haruffansa a kan amsar ba, requests kan ɗauka tsohon tsarin ISO-8859-1 ne, sai é na Faransanci ya koma Ã©. Ga kuma alamar da ke tsakanin d da offres: a shafin lanƙwasasshiya ce, a manhajarmu miƙaƙƙiya, ido ba ya rabe su amma kwamfuta tana rabewa. Ya tilasta UTF-8, tsarin haruffan da ya dace da shafin, ya sa a mayar da rubutun duka ƙananan haruffa, a cire lafuzzan saman wasula, a daidaita alamar da nbsp, wata tazara ta musamman da ke kama da ta kullum, sannan a kwatanta.

Sai batun rezo, wato layin intanet. Requests ba ta da wa'adin jira na kanta, in layi ya yanke tana iya tsayawa har abada, cron kuma ya ci gaba da tada sababbi a kanta. Ya sa mata wa'adin daƙiƙa 20, gwaji 3, da flock mai hana biyu gudu tare. Hanyoyin fayil ma ya rubuta su cikakku, tunda cron ba ya tashi daga inda mutum ke zaune.

Abin da ya fi kwantar mana da hankali shi ne saƙon safiya. Kullum ƙarfe 8 tana faɗa mana sau nawa ta duba jiya, da sau nawa ta kasa. A crontab, wato jadawalin cron, 7 ya rubuta, saboda sabar, kwamfutar da manhajar ke gudu a kanta, tana kan agogon duniya na UTC, Nijar kuwa tana gaba da awa 1.

Bai ɓoye mana iyakarta ba: manhajar pdftotext na karanta sanarwar PDF, amma wadda aka ɗauka hoto sai an haɗa da Tesseract mai karanta rubutu daga hoto, shi ma yakan yi kuskure, don haka irin waɗannan takardun mutum ya buɗe da kansa.

Malam, Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi, ya albarkaci yaran da kake koyarwa.

Daga ƴan'uwanku ƙananan ƴan kwangila, Tahoua.