Amsa Ga Malamin Da Ya Tambaye Ni Nawa Aka Biya Ni

Malam, assalamu alaikum.

Tambayarka ta iso gare ni, tunda a bainar jama'a ka yi ta: me ya sa likita kamar ni yake yabon sotatercept, sabon maganin hawan jinin jijiyoyin huhu, alhali marasa lafiyata ba za su iya saye ba? Kuma wai nawa kamfanin ya ba ni?

Ko sisin kwabo. Da ka tambayi waɗanda suka yi shekara goma sha takwas suna aiki da ni, da ka huta da ɓata tawada. Amma na sani, zargi ya fi bincike jawo 'yan kallo.

Ba hawan jinin da ake aunawa a hannu muke magana ba. A nan jijiyoyin da ke kai jini huhu ne suke kauri suna tsukewa, ɓangaren dama na zuciya ya yi ta turawa har ya gaji. Tsofaffin magunguna irin sildenafil da bosentan buɗe jijiyar suke yi. Sotatercept kuwa kaurin da kansa yake taɓawa, allura ɗaya ƙarƙashin fata duk mako 3. Amurka ta amince da shi a Maris 2024 da sunan Winrevair, bayan wani gwaji mai suna STELLAR a kan manya 323, inda nisan da mara lafiya ke iya takawa cikin minti 6 ya ƙaru da kusan mita 41.

Ka yi wa mita 41 dariya. Ina da mara lafiya da aka yi shekara 2 ana ba ta maganin asma. Ranar da na sa ta tafiya a barandar asibiti, agogo a hannuna, sau uku tana dafa bango, leɓenta ya yi duhu. A wurinta, mita 41 ita ce ta kai banɗaki ba tare da an riƙe ta ba.

Batun illa, na faɗa tun farko: haɓo, ƙaruwar jini fiye da kima, da raguwar ƙwayoyin da ke tsayar da jini. Ka koma ka karanta.

Tsada kuwa ba kai ka gano ta ba. Lokacin da ya fito a 2024, kwalba ɗaya dala 14,000 ce a Amurka, fiye da dala 200,000 a shekara. Kamfanin magunguna na Merck ya sayi Acceleron, kamfanin da ya ƙirƙiro maganin, kan dala biliyan 11.5 a 2021, kuma ba sadaka ya fito yi ba. To shirun da kake so in yi, farashin zai sauke?

Abin da ke ƙona min rai ma ya wuce kuɗin. Ba a tabbatar da wannan ciwo sai an zura siririn bututu ta jijiya har dama na zuciya an auna, kuma asibitoci da yawa ba su da wannan. Tsargiya mai taɓa hanta da cutar ƙanjamau duk suna jawo shi, masu su kuma galibi ba su da ko gwajin. A kan wannan ban taɓa jin muryarka ba, Malam.

Ranar Talata nake duba masu wannan ciwo. Ka zo, zan ba ka agogon ka riƙe.

Wassalam,
Likitan da ka tambaya