Ina Aka Kai Dattawan Da Ke Karanta Mana Labarai?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wata ɗabi'a da ke neman zama ruwan dare a gidajen talabijin ɗinmu, wato janye mai karanta labarai daga gaban kyamara ba tare da ya yi laifin komai ba, sai don shekaru sun fara bayyana a fuska, ko jiki ya yi nauyi, ko fata ba ta yi hasken da ake so ba. Abin yana taɓa maza jefi-jefi, amma mata ya fi faɗa wa.

Ni tsohon malamin firamare ne, ina zaune a wani ƙauye a ƙaramar hukumar Auyo. Talabijin ɗin da yawancinmu ke kallo na teburin mai shayi ne, mai aiki da sola, sai kuma guntayen bidiyo da yara ke turo mana a WhatsApp. Akwai wata baiwar Allah da ta shafe shekaru tana karanta labaran Hausa na dare a ɗaya daga cikin tashoshin da muke kamawa. Ba zan kama sunanta ba, ba kuma zan kama sunan tashar ba, don kada in jawo mata abin da ya fi wanda take ciki. Rana ɗaya aka daina ganinta, babu sanarwa, babu sallama. Har wasu suka fara tambaya ko rasuwa ta yi. Sai da wani tsohon ɗalibina da ke aiki a wurin ya zo gida hutun sallah ya ce mini tana nan lafiya lau, an dai mayar da ita ofishin da ake ajiye tsofaffin shirye-shirye. Dalilin da aka faɗa mata da baki shi ne ana son sabbin fuskoki, kuma wai kyamara ta daina karɓarta. Ba a ce tana kuskure a karatu ba, ba a ce tana makara ba, ba a ce ta ci amanar aiki ba.

Masu yanke irin wannan hukunci a birni suna ɗauka kallon labarai muke yi. Mu a nan saurare muke yi. Idan mutane suka cika wurin mai shayi bayan sallar isha, wanda ke baya ba ya hango komai a jikin akwatin sai haske, kunnensa ne ke masa aiki. Matan aure a cikin gida kuwa, murya ce ke isa gare su ta waya ko ta rediyo. Da haka Arewa ta saba. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki tun 1957, gidan rediyo da talabijin na Kaduna ya biyo baya a 1962, kuma iyayenmu sun yi shekaru suna gaskata muryoyin da har suka koma ga Allah ba su taɓa ganin masu su ba. Amanar da rediyo ta tara ce talabijin ta zo ta gada.

Wannan amanar tana da ranar amfani. A damunar 2022 ruwa ya ci garuruwa da gonaki a Ringim da Miga da Auyo da Kafin Hausa da Haɗeja, ya gangara har Kiri Kasamma da Guri. A irin wannan lokaci manomi yana son ya ji wane gari ruwa ya kai, wace hanya ta yanke, wace makaranta aka buɗe don mutane su fake. Mai karatun da ta san cewa ruwan da ya wuce Wudil da Ringim yana tafe wurinmu nan da 'yan kwanaki, ita ce za ta san inda za ta sassauta murya, ta maimaita sunan gari, ta ba tsoho damar fahimta. Takardar da ke gabanta ba za ta gaya mata haka ba, daɗewa a aiki ce ke koyar da shi. Haka lokacin canjin kuɗi a farkon 2023. An ce wa'adin tsofaffin takardu 31 ga Janairu, aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu, daga baya Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓarsu. Mu da banki mafi kusa da mu ke Haɗeja, kullum da sabuwar jita-jita muke kwana, mutum ya kai akuyarsa kasuwar Gujungu ya rasa wane kuɗi zai karɓa. Tambayar da kowa ke yi ita ce, wa ya faɗa? Idan aka ce Hajiya wance ce ta karanta a labaran dare, to gardama ta ƙare. Ranar da tankar mai ta kama da wuta a Majiya, cikin Oktoban 2024, ta hallaka mutum sama da 150, labarin yana bukatar bakin da ya san yadda ake sanar da mutuwa ga mutanen da 'yan'uwansu ke ciki.

Ba na ƙin matasa, ni da na ƙare rayuwata a kan tarbiyyar yara. Yarinyar da aka kawo a madadin waccan baiwar Allah tana ƙoƙari, kuma da alama za ta yi nisa. Amma tana tuntuɓe a kan sunaye irin su 'Yankwashi da Sule Tankarkar, idan lissafin kasafin kuɗi ya zo sai ta tsallaka Turanci, tsofaffi su bi ta da ido. Laifin ba nata ba ne. Kamata ya yi ta zauna kusa da wadda ta riga ta, ta yi shekara ɗaya ko biyu tana ɗaukar darasi, sai ga shi an ɗauke malamar ranar da ɗalibar ta shigo.

Wannan ciwo ba a ƙasarmu ya fara ba, kuma ya kamata mu san yadda ya kaya da waɗanda suka riga mu kamuwa. A 1981 wata tasha mai suna KMBC a birnin Kansas na Amurka ta cire Christine Craft daga kujerar karanta labarai, alhali ba ta ko kai shekara 40 ba. Ta ce abin da aka faɗa mata shi ne binciken ra'ayin masu kallo ya nuna ta tsufa, ba ta da kyau, kuma ba ta rusuna wa maza. Ta kai ƙara. A 1983 masu taya alƙali yanke hukunci suka ce a biya ta dala 500,000, alƙali ya soke. Aka sake zama a 1984, wasu masu taya alƙalin daban suka ce a ba ta dala 325,000, kotun ɗaukaka ƙara ta sake rushewa, a 1986 kuma Kotun Ƙolin Amurka ta ƙi sauraren maganar. Sau biyu talakawan gari suna jin bayaninta suna ba ta gaskiya, amma ta tashi babu ko sisi.

Bayan shekara 40 ba a warke ba. A watan Agustan 2022 tashar CTV ta ƙasar Kanada (ba CTV ɗinmu ta Kano ba, wadda yanzu ake kira ARTV) ta sallami Lisa LaFlamme, bayan ta yi mata aiki shekara 35, tana da shekara 58, kuma a shekarar ce aka ba ta lambar yabo ta gwarzuwar mai karanta labarai ta ƙasar. Lokacin annobar korona ta daina rina gashinta, ta bar furfurarta a fili. Wata babbar jaridar ƙasar ta ruwaito cewa wani shugaba a tashar ya taɓa tambaya wa ya amince a bar gashin nata haka. Kamfanin ya musanta cewa furfura ko shekaru ne dalili, ya ce shawara ce ta kasuwanci. Amma mutanen Kanada ba su manta ba cewa namijin da ta gada, Lloyd Robertson, sai da ya kai shekara 77 yana kan wannan kujerar kafin ya sauka a 2011. A Ingila, Miriam O'Reilly, wadda ke gabatar da shirin BBC na harkokin karkara da manoma, ta yi nasara a kotun ma'aikata a 2011 bayan an cire ta saboda shekarunta, BBC kuma ta ba ta haƙuri. A Masar, cikin 2016, gidan talabijin na gwamnati ya dakatar da mata takwas, ya ba su wata guda su rage ƙiba.

To mu nan ɗankwali da hijabi sun rufe furfurar mace, hula ta rufe sanƙon namiji. Abin da ya rage a fili shi ne fuska, don haka duk awon ya koma kan fata. Nan ne hankalina ya fi tashi. Namiji zai yi ta karatu har gemunsa ya yi fari fat, a riƙa kiransa gogagge, dattijon arziki. Mace da zarar ta haihu uku ko huɗu, ko ta kasance baƙa kamar yawancin iyayenmu mata, sai a fara neman inda za a ajiye ta. Kuma 'ya'yanmu suna gani. Yarinyar da ke aji shida a ƙauye, idan duk macen da ta gani a akwatin talabijin fara ce sol, ba ta bukatar wani ya yi mata bayani, ta riga ta ɗauki darasi. Ranar kasuwa za ka gan su sun kewaye mai sayar da man haɗi, wanda babu suna a jikinsa balle a san abin da aka zuba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa mata 77 cikin 100 a Najeriya suna shafa man bilicin, a 2023 kuma hukumar NAFDAC ta ce lamarin ya kai matsayin da sai an yi masa taimakon gaggawa. Wasu daga cikin waɗannan mayuka suna ɗauke da sinadaran da ke cinye fata, su taɓa ƙoda. Tashar da za ta gayyato likita da safe ya yi gargaɗi a kan bilicin, da dare kuma ta cire ma'aikaciyarta saboda launin fatarta, wanne daga cikin saƙonnin biyu take so yara su ɗauka?

Na san amsar da shugabannin tashoshi za su bayar. Za su ce talabijin hoto ce, masu ba da talla suna son abin da zai ja ido, kuma yanzu gasa ake yi da TikTok da Facebook. Akwai gaskiya a ciki. Babu mai son ganin mai karanta labarai da ƙazanta ko shigar da ba ta kamala ba, kuma tasha tana da ikon sauya wanda ya gaza. Sai dai tsafta da shiga da shirya aiki abubuwa ne da mutum zai iya gyarawa idan an yi masa magana. Launin fata da tsayi da tsagen gado da shekaru kuwa, wa zai gyara su? Halittar Allah ce. Manzon Allah (SAW) ya gaya mana, a hadisin da Muslim ya ruwaito, cewa Allah ba ya duban surorinmu da dukiyoyinmu, zukatanmu da ayyukanmu yake dubawa. Muna jin wannan hadisi a shirye-shiryen addini na waɗannan tashoshin da kansu.

Abin da ya sa lamarin ke wucewa shiru a wurinmu shi ne ba a rubuta shi. Ba a ba mutum takardar kora, canjin ofis ake yi masa, ko a daina sa sunansa a jadawalin mako. Ma'aikacin gwamnati doka ta ba shi har shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, don haka albashinsa na tafiya, amma an raba shi da sana'ar da ya iya. Ma'aikatan wucin gadi, waɗanda ba su da takardar ɗaukar aiki, su kam kiran waya ɗaya ya ishe su. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana nuna bambanci saboda ƙabila ko garin asali ko jinsi ko addini ko ra'ayin siyasa, amma bai ambaci shekaru ko kamanni ba. Duk da haka ƙofa ba a rufe take ba. Tun gyaran da aka yi wa tsarin mulki a 2010, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ke da hurumin sauraren ƙarar nuna bambanci a wurin aiki, kuma tana da reshe a Kano. Idan ana barin maza su tsufa a gaban kyamara ana janye mata, wannan bambancin jinsi ne ƙarara. Sai dai wace mace ce a cikin matanmu za ta tsaya gaban alƙali ta ce an cire ta don an ce ba ta da kyau? Kunya kaɗai ta isa ta rufe mata baki, kuma masu yin abin sun san haka.

Shi ya sa nake ganin nauyin ya koma kan ƙungiyoyinsu. Ƙungiyar 'yan jarida ta NUJ da ta ma'aikatan rediyo da talabijin ta RATTAWU da ƙungiyar mata 'yan jarida ta NAWOJ suna da rassa a Kano da Jigawa. Su nemi kowace tasha ta rubuta sharuɗɗan da take bi wajen ɗora mutum a kan labarai da sauke shi, kuma duk wanda za a sauke a ba shi dalili a rubuce, don abin da mutum ke jin nauyin sa wa hannu a takarda, da wuya ya zama gaskiya. Tashoshin jiha kuwa da kuɗin talakawa ake tafiyar da su, 'yan majalisarmu na da ikon tambaya. Idan kuma lokacin saukar mutum ya yi da gaske, a bar shi ya yi sallama da masu saurarensa, ya nemi gafara, su ma su yi masa addu'a, kamar yadda muka gada.

Kai kuma Malam Edita, ga roƙona gare ka. Ka tura wakilinka ya zagaya tashoshin talabijin na Kano da Dutse, na gwamnati da masu zaman kansu, ya ƙirga mana mata nawa ne da suka haura shekara 45 suke karanta labarai a yau, maza nawa ne, sa'annan ya nemi waɗanda aka janye ya ji ta bakinsu, ko da ba za a bayyana sunayensu ba. Ka buga abin da ya samo, mu ma na karkara a karanta mana.

Allah ya ƙara wa jaridarku albarka. Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin firamare,
Ƙaramar hukumar Auyo, Jihar Jigawa.