Tseren keke ya shiga tsakanina da aminina da aikina

Assalamu alaikum Malam. Da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aiki. Allah ya saka da alheri bisa lokacin da kake ba masu kawo maka damuwarsu. Na daɗe ina karanta filinka, na kuma lura ba ka raina matsalar kowa, shi ya sa na yi ƙarfin halin kawo tawa. Ina roƙon a sakaya sunana.

Ni ma'aikaci ne, ina kula da injina a wani kamfani daga Litinin zuwa Juma'a, kuma ban yi aure ba tukuna. Bayan aiki ina tseren keke, irin wanda ake kira saikulokuros. Ba da shi nake ci ba, babu mai biyana komai, ni ne ma nake kashe masa abin da na samu. Sha'awa ce kawai, amma sha'awar ta kai inda dole in nemi na gaba da ni ya duba mini.

Bari in bayyana maka yadda wasan yake, domin sai an san shi ake gane inda yake cinye lokaci. Ba a kan kwalta ake yin sa ba. Ana shata hanya ne a fili ko a cikin itatuwa, zagaye ɗaya tsakanin kilomita 2.5 zuwa 3.5, ta ratsa ciyawa da taɓo da yashi, ta hau tudu ta gangara. Akwai inda ake gitta katako mai tsayin da zai iya kai santimita 40, sai ka diro da gudu, ka ɗaga keken ka tsallake, ka sake hayewa ba tare da ka tsaya ba. Akwai tudun da ba ya hawuwa sai ka saɓa keken a kafaɗa ka haura da ƙafa. Lokaci ake yankawa, ba nisa ba: ƙwararrun maza suna yin kusan awa ɗaya, mu 'yan sha'awa kuwa ba mu cika kai hakan ba. Sai dai daga busa usur har ƙarshe zuciya na bugawa ne kusa da iyakarta, babu inda za ka lafe a bayan wani ka sarara kamar yadda ake yi a tseren titi. A Faransa wasan ya samo asali a farkon ƙarni na 20, masu tseren titi suka riƙe shi don kada jikinsu ya mutu a lokacin hunturu. A 1902 aka yi gasar ƙasa ta farko a can, a 1950 kuma aka yi ta duniya ta farko a Faris, Jean Robic ya lashe. Yau a Beljiyam da Holan ya fi ƙarfi. Tun asali wasan sanyi ne, har gobe kuma kakarsa daga Satumba take farawa ta kai Fabrairu, daidai lokacin da yini yake gajarta, mutum ya tashi daga aiki ya tarar duhu ya riga shi fita.

Abokaina kullum tambayarsu ɗaya ce: tseren da bai kai awa ɗaya ba, me zai sa a rasa ka Asabar da Lahadi? Abin da ba sa gani shi ne duk abin da ke kewaye da wannan awar. Tun daren jajibere ake duba keke, a ɗaure abin da ya kwance, a shirya kaya a mota. Da sassafe a kama hanya, wani lokaci mai nisa. Sai ka isa da wuri ka yi rajista, ka manna lamba, ka jira a buɗe hanya tsakanin tseren wasu da wasu don ka zagaya ka ga inda taɓo ya yi zurfi da kwanar da ke kayar da mutane. Daga nan sai batun iskar taya. Tayar siririya ce, a manyan gasa ba a yarda faɗinta ya wuce milimita 33 ba, kuma iska kaɗan ake sa mata don ta kama ƙasa. Ka cika ta, ka zame a kwana. Ka rage da yawa, ƙarfen ƙafar keken ya daki saiwa ya fasa tayar. Sai ka yi ta ragewa kana gwadawa. Bayan an gama tsere kuma ainihin aikin yake farawa, domin taɓo da yashi suna cinye sarƙa da birki da boris, in ka bar keke ya kwana da su, kuɗi ka ƙona. Kekuna biyu nake zuwa da su, don in ɗaya ya cushe da taɓo in canza, saboda haka biyu zan wanke, in shanya, in sa musu mai, sannan in koma kan tufafi da takalma. Ƙwararru irin su Mathieu van der Poel suna da bakanikai a tsaye a wurin canjin keke, a ranar da taɓo ya yi yawa kowane rabin zagaye su miƙa musu wankakke su karɓi mai datti. Ni kuwa ni ne direba, ni ne bakanike, ni ne mai wanki. Kafin in gama dare ya yi, washegari kuma aiki.

Tsakiyar mako ma ba ta tsira ba. Atisayen wannan wasa gajere ne amma mai tsanani, ko dai a waje da fitila a goshi, ko a kafa keken a kan na'ura a cikin ɗaki a yi ta tuƙi. Ga gudu da ƙafa, ga maimaita hawa da sauka har jiki ya haddace. Barci kuma dole a ba shi haƙƙinsa, in ba haka ba atisayen bai da amfani. Cefane da share ɗaki da kiran gida duk sun koma abin da nake cusawa inda ya samu wuri.

Da a nan abin ya tsaya, da na ci gaba da lallaɓawa. Abubuwa biyu ne suka taso kusan lokaci ɗaya.

Na farko a wurin aiki ne. Shugabana ya kira ni ya ce suna son in zama mai kula da sashenmu. Albashi zai ƙaru, ina kuma bukatarsa, domin ina da niyyar aure, iyayena ma suna da haƙƙi a kaina. Amma muƙamin yana tafe da sharaɗi: a wasu ƙarshen mako zan kasance cikin shiri, waya a hannu, da an kira in isa ba ɓata lokaci. Mai jiran kira ba zai kasance a can nesa cikin taɓo wayarsa na kulle a mota ba. Aikin namu kuma ya fi yawa a ƙarshen shekara, lokacin da tsere ya fi cunkushewa. A Beljiyam tsakanin Kirsimeti da sabuwar shekara kusan kullum ake yin babbar gasa, mu ma ƙanana jadawalinmu yana cika a wannan tsakani. Na ce masa ya ba ni lokaci in yi tunani. Ban gaya masa dalili ba, don ina tsoron ya ɗauke ni mutumin da bai san ciwon kansa ba, wanda zai yi jinkirin karɓar ƙarin girma saboda keke.

Na biyu shi ne ya fi taɓa ni. Ina da amini tun muna makaranta, wanda ya san gidanmu na san nasu. Da can duk ƙarshen mako muna tare da shi da sauran abokanmu. Da na shiga tsere, sai ya zama an kira ni na ba da haƙuri, an sake kira na sake ba da haƙuri, har kiran ya ɗauke. Kwanakin baya aka kwantar da mahaifinsa a asibiti, sai daga bakin wani na ji, bayan har an kusa sallamarsa. Na je na gaishe su, na kuma tambaye shi me ya hana shi gaya mini. Bai ɗaga murya ba, bai nuna fushi ba. Cewa ya yi ya san ina da tsere a makon, bai so ya sa ni a halin da sai na zaɓa. Malam, da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Ma'anar maganarsa ita ce bai da tabbacin wanne zan zaɓa, ya gwammace kada ya gani. Har yau bai taɓa ce mini in daina ba. Mahaifiyata ce ma da ta ji labarin ta ce mini zumunci a ƙafa yake, ba ta ƙara komai ba.

Na taɓa gayyatarsa kallo, ya zo, ya tsaya cikin sanyi yana ganina ina wucewa jefi-jefi, da aka tashi kuma ina fama da wankin keke, ko hirar kirki ba mu yi ba. Wani a kulob ɗinmu ya ba ni shawarar in riƙa tafiya da shi yana riƙe mini keke na biyu, wai ta haka za mu riƙa yini tare. Ban ga gyara a nan ba. In mayar da aminina mai wanke mini keke, sannan in ce na ba shi lokaci? Kuma kada a ce ai na yi sababbin abokai a wurin tsere. Mutanen kirki ne, gaskiya. Tayarka ta fashe wani zai ara maka tasa, ka faɗi wanda ke bayanka zai tambaye ka lafiya yana wucewa. Amma hirarmu ba ta wuce taya da taɓo da wanda ya zo na nawa. Da kaka ta ƙare kowa ya kama gabansa. Babu wanda ya san sunan mahaifina a cikinsu.

Na san amsar da ta fi kusa ita ce in rage. Kowa haka yake ce mini, ni ma haka zan ce wa wani. Matsalar ita ce tsarin wasan ba ya tausaya wa mai ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje. A wurin tashi ana jera mutane sahu-sahu, takwas a kowane sahu, kuma da makin da ka tara a tseren baya ake kiran ka. Ka yi fashi, makinka ya tsaya, ka koma sahun baya. Hanyar kuwa ƙunci gare ta, ƙa'ida ta ce kada faɗinta ya gaza mita 3, a wurare da yawa kuma kusan iyakarta ke nan. A kwanar farko mutane ke cushewa, na baya su sauke ƙafa suna jira, na gaba kuma sun yi nisa. Wanda ya tashi a baya, tserensa ya kusa ƙarewa tun bai fara ba. Wani abokina ya ce ai manyan ma yanzu zaɓe suke yi, van der Poel da Wout van Aert ba sa shiga sai kaka ta yi nisa. Gaskiya ne. A gasar duniya ta 2025 a Liévin ta Faransa, van Aert daga sahu na huɗu ya tashi ya ƙare na biyu. Amma wannan mutum ne da keke ne aikinsa duk shekara, yana da ƙarfin da zai ratsa taro ya wuce. Ɗan sha'awa da ya rage zuwa, ƙarfinsa raguwa yake yi, hannunsa ma yana manta yadda ake shan kwana a santsi. Na gwada barin wasu tseren don in zauna da abokai. Jikina yana wurinsu, hankalina yana kan waya ina duba sakamako, kuma aminina ya lura.

Me ya sa ba zan bari gaba ɗaya ba? Kafin in fara wannan wasa ba na samun barcin kirki, ina tashi da nauyin jiki da na zuciya, in je aiki in dawo in kwanta. Aikina kullum gyaran abin da ya lalace ne, a gaggauce, wani na tsaye a kaina. A cikin tsere ne kaɗai tunani yake sakina, domin babu sararin tuna komai sai kwanar da ke gabanka. Lafiyata ta gyaru, fushina ya ragu, ko a wurin aiki an shaida na fi da natsuwa, wataƙila ma hakan na cikin abin da ya sa aka ga na cancanci muƙamin. Ina tsoron in ajiye keken in koma mutumin da, wanda ba zai amfani kamfanin ba, ba zai amfani aminin nawa ba.

Akwai wani dattijo a kulob ɗinmu da ya ce mini shi ya ajiye tsere shekaru da dama lokacin da 'ya'yansa ke ƙanana, ya dawo daga baya, tunda ana ware rukuni bisa shekaru har ga waɗanda suka haura 50 da 60. A ganinsa wasan zai jira ni, mutane ne ba sa jira. Wani kuma a wurin ya ce yawancin waɗanda ya ga sun tafi da niyyar dawowa ba su dawo ba. Duka biyun na yarda da gaskiyarsu. An ce taura biyu ba ta taunuwa, ni kuwa uku ce a gabana, kuma babu wadda zan ce ba ta da daraja.

Akwai kuma tambayar da ban taɓa yi wa kowa ba sai kai. Ta yaya mutum zai gane ko son abu yake yi, ko kuwa ɓuya yake yi a cikinsa? Gajiyar tsere hujja ce da ba a musu da ita. Duk abin da ke da nauyi, kamar zaman asibiti, ko maganar aure, ko ɗaukar nauyin mutane a wurin aiki, ina da amsar da zan bayar a shirye: ina da tsere. Ba na jin don gudun waɗannan na fara, amma ban da tabbacin ba su shiga cikin dalilin da ya sa nake ƙanƙame shi yanzu ba.

Don haka Malam, ka taimake ni da abin da ka gani. Shin in fito fili in gaya wa shugabana gaskiya, in nemi a tsara mini jiran kira ta yadda zan ɗauki na bazara da damina da yawa a sassauta mini na hunturu, ko kuwa irin wannan roƙo tun kafin a karɓi muƙami yana zubar da mutum? In kuma ya ce a'a, kana ganin hankali ne in bar ƙarin girma ya wuce? Game da aminina, ban san ta inda zan fara ba. Ba na son in yi masa alkawarin da Satumba mai zuwa za ta karya, kuma haƙuri na baki ya riga ya ji shi da yawa. Me mutum yake yi wa wanda ya daina sa ran ganinsa ba tare da ya yi fushi ba?

Shugabana yana jiran amsa kafin ƙarshen wata, rajistar gasar kaka mai zuwa ma ta kusa rufewa. In da hali a duba wasiƙata da wuri, zan ji daɗi ƙwarai.

Na gode, Allah ya ƙara basira da lafiya.

Naka,
Mai karanta filinka a kullum.