An tauye haƙƙin mujallar The Dandy a shirinku na Lahadi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, na rubuto ne domin in nuna rashin jin daɗina game da shirinku na ranar Lahadin da ta wuce. Mai gabatarwa ya kwashe kusan rabin sa'a yana yabon The Beano, har ya ce ita ce uwar mujallun barkwanci na yara a Birtaniya, sa'an nan ya ambaci The Dandy a jimla ɗaya tak, wai "wata mai kama da ita da ta mutu". Wannan magana ta ƙona mini rai ƙwarai.

The Dandy ce yayar, domin ta fara fitowa ranar 4 ga Disamba, 1937, ita kuwa The Beano sai ranar 30 ga Yuli, 1938, kuma kamfani ɗaya ne, D.C. Thomson, ya buga su duka a birnin Dundee na Scotland. A lokacin yaƙin duniya na biyu, da takarda ta yi wuya, karɓa-karɓa suka riƙa yi, wannan ta fito makon nan, waccan mako mai zuwa, har zuwa 1949. Ta yaya za a ba da tarihin ƙanwa a tsallake wadda ta share mata hanya?

Ba daga littafi na san wannan mujalla ba. Na yi shekara huɗu ina karatu a Dundee tare da iyalina, kuma ɗana na fari ya isa can bai san ko kalma ɗaya ta Turanci ba, yana dawowa daga makaranta da hawaye kusan kullum. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ce ta kawo masa tarin tsofaffin The Dandy na jikokinta. Ya fara da kallon zane kawai, yana ƙyalƙyala dariya idan ya ga Desperate Dan, ƙaton nan mai faɗin haɓa wanda yake aske gemunsa da wutar walda, yake cin abincin da aka gasa da saniya sukutum har ƙahonninta sun leƙo waje. Daga nan ya shiga tambayata abin da aka rubuta a bakin kowane mutum, kafin sanyin shekarar ya wuce kuwa yana karantawa da kansa, har yana gyara mini lafazi. Ranar da aka ba shi kyautar karatu a ajinsu na tsaya a bayan zauren na kasa cewa komai.

Shi ya sa na ji ciwon kalmar nan "ta mutu" da aka jefa ba tare da bayani ba. Mujallar da ta taɓa sayar da kwafi kusan miliyan 2 a mako a shekarun 1950, wadda edita ɗaya, Albert Barnes, ya riƙe ta tun daga farko har 1982, ta cancanci a faɗi yadda kasuwarta ta ja baya zuwa kwafi 8,000 kacal, da yadda aka daina buga ta a takarda ranar 4 ga Disamba, 2012, daidai ranar da ta cika shekara 75. Mutanen Dundee ba su manta da ita ba, tun da mutum-mutumin Desperate Dan na tagulla yana nan tsaye a tsakiyar birninsu. Ina roƙon ku gyara wannan kuskure a shiri na gaba, ku kuma ba ta lokacinta na kanta.

Haka kuma, kiɗan da kuke sawa a ƙarƙashin muryar mai magana ya yi ƙarfi da yawa, mu masu shekaru ba ma jin rabin abin da ake faɗa, don Allah a rage shi.

Wassalam.
Naku mai sauraro kullum, daga Zariya.